Ranar da Aka Wanke Duwatsu

Polgarrick, Cornwall
9 ga Nuwamba, 1987

Ƙanwata Tamsin,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, yaya mutanen gida? Ni dai ga ni nan, sai tarin da kika sani.

Tun ranar da suka karɓe mabuɗin ɗakin duwatsu daga hannuna, shekara kusan ashirin ke nan, ban ƙara taka ginin ƙungiyarmu ta nazarin duwatsu ba. Ni da na karanci ilimin ƙasa a jami'a aka ture, aka ba dillalin gidaje shugabanci. Amma da kika rubuto cewa 'yarki Morwenna na son hoton dutsen da Baba ya haƙo a ramin kuzar da ke ƙarƙashin teku, sai na haɗiye fushina na je.

Kin san al'adar. Tun zamanin waɗanda suka kafa ƙungiyar, duk mahaƙin da ya kawo dutse, akan liƙa wa dutsen 'yar takarda da ƙullun fulawa: sunan rami, zurfinsa, sunan wanda ya kawo. Littattafan rajista kuwa gobara ta cinye su tun lokacin yaƙin duniya. Takardun nan kaɗai suka rage.

Na tarar da mutane a tsakar gida da bahuna da buroshi, suna wanke duwatsun. Biki za a yi, ana so duwatsun su yi ƙyalli. 'Yan sa kai ne, mutanen kirki, har da waƙarsu. Takardun na yawo bisa ruwa kamar ganyen shayi, tawadar ta narke.

Hoskin, dillalin nan da aka ba shugabancin, ya taro ni da fara'a. "A'a, Denzil, ashe kana da rai! Zo ka gani, ƙurar da ka tara mana muke fama da ita."

Na ce, "Wannan na hannunka, daga wane rami ya fito?"

Ya jujjuya shi, ya yi dariya. "Daga ƙasa mana, tsoho."

Ramukan haƙar nan duk ruwa ya cika su, ba mai sake shiga. Na durƙusa ina dubawa har gwiwoyina suka ƙi. Baƙaƙen duwatsun kuza jibge, kowanne kamar ɗan'uwansa.

Ki gaida maigidanki da yara. Ki ce wa Morwenna dutsen kakanta yana nan, amma ba wanda zai iya nuna shi, har ni. Sunan Baba ya bi ruwan wanki, da sunayen sauran mahaƙan garin nan.

Yayanki,
Denzil Trewhella