Shuɗiya Ta Samu Babban Tanki

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ya ƙafar nan da kika ce tana damunki? Ya maigidan da yara? Mu nan lafiya lau, sai dai Baban yara ya tsiro da sabon aiki, ni kuma na rasa wanda zan faɗa wa sai ke.

Kin san Shuɗiya, tsohuwar motar nan tasa da ta girmi duk 'ya'yanmu. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai goge ta. Komai nata yana nan yadda aka ƙera shi, har da tankin mai, wanda bai fi butar shayi ba. In za mu garinsu gaida Inna, tafiyar awa biyar ce, kuma dole mu tsaya a gidan man da ke tsakiyar hanya a ƙara mata mai, injin ya huce. Shekara talatin da ɗaya ina mita a kan wannan tsayawa. Ke shaida ce, don har a gabanki na taɓa cewa jaki ya fi ta juriya.

To, ran Litinin sai ga shi da wani tanki ninki biyu na tsohon, ya samo shi wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci. Ya ajiye a tsakar gida yana murmushi kamar ango. Ya ce nawa ne, daga yanzu in mun tashi sai ƙofar gidan Inna, ba zan sake ƙorafin tsayawa ba. Na yi godiya har da addu'a, sannan na shiga kicin na zauna ni kaɗai.

Yaya, baki shi ke yanka wuya. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, a duk tafiyar nan ba abin da nake so kamar wannan tsayawar. Yanzu da bakina na jawo za a raba ni da ita.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi, amma ki daina hawa benen nan da kaya. Wasiƙarki ta iso, na kuma gane kin sha dariya kafin ki rubuta ta, don rubutun duk a karkace yake.

Kin tambaye ni me ke cikin gidan mai da har zan yi kewarsa. Ba komai sai wani benci a gefe, ƙarƙashin bishiya, da wata mata mai sayar da shayi. Amma kin san mutumin naki, magana a wurinsa sai an roƙa. A gida in ba jikoki ba ne suka cika falo, to rediyo ne a kunnensa. A mota kuwa ya riƙe sitiyari da hannu biyu, injin na ruri, ko tari ka yi ba ya ji. A kan bencin nan kawai bakinsa ke buɗewa, tsawon abin da bai fi minti ashirin ba. A nan ya fara gaya mini yana tsoron ritaya. A nan muka zaɓa wa autarmu suna tun tana ciki. Mitar kuwa ta zame mini sabo ne, ina yi ina sauri in riga shi zama.

Kin ce in faɗa masa kawai. Da wane bakin? Mutumin da ba ya barin jikoki su jingina da motar nan, shi ne ya tsaya da kansa mai walda ya yanke ƙasanta saboda ni. Da wutar ta fara cin ƙarfen sai da ya kau da kai.

Aikin ma ba ƙarami ba ne. Sai da aka wanke tankin sau uku aka shanya, don mai walda ya rantse ba zai kunna wuta kusa da abin da ke warin fetur ba, yana da iyali. Da aka ɗaga shi da jak sai ya ƙi shiga, salansa ta tare hanya. Zuciyata ta yi fari, Allah ya yafe mini. Na kai musu shayi ina cewa ai ba dole ba ne, in ya ƙi a haƙura. Bakanike ya ce haba Hajiya, ƙaramin abu ne, ya karkatar da salansar cikin rabin yini. Safaya ta rasa gurbinta, ta koma cikin but, wato akwatina biyu sun zama ɗaya. Allurar mai kuma ta rikice, tanki cike tana nuna rabi, sai da suka sauya mata abin awon da ke cikin tankin.

Jiya aka ɗaure noti na ƙarshe. Baban yara ya shigo hannu duk baƙin mai, fuskar nan kamar an yi masa albishir, ni kuwa na yi ta yaba aiki. Asabar za mu gwada ta. Ki sa ni a addu'a, ki kuma daina dariya.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaisuwa, ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya ke da mutan gida. Mun je mun dawo, Inna tana gaishe ki. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

Mun tashi da safe. Shuɗiya ta yi nauyi ta baya kamar ta ci ta ƙoshi, amma tana tafiya lafiya. Ni ba abin da nake kallo sai allurar mai, ita kuwa ta kafe a sama ta ƙi saukowa. Da na hango bishiyar daga nesa sai na sunkuyar da kai ina gyara bakin mayafi, don kada in ga wucewarmu.

Sai na ji ƙarar sigina. Baban yara ya karya kan mota ya shiga gidan man, bai ko kalle ni ba. Wai mai walda ya ce a tafiyar farko dole a tsaya a rabin hanya a duba notuna, ko sun saki. Ya ɗauko sifana, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin mota da farar rigarsa. Na ji ƙwanƙwasa biyu, ya fito. Mai zuba mai ya taho da tiyo, aka ba shi haƙuri. Kafin in ankara har mai shayi ta ajiye mana kofi biyu a kan benci.

Muka zauna. Na ga in ban faɗa yau ba, ba ranar faɗa. Na ce masa ni fa duk mitar nan ƙarya nake yi, ina son wurin nan fiye da falonmu, kuma tun ranar da ya kawo tankin ban yi barcin kirki ba. Ya yi ta juya kofi, har na fara tunanin na ɓata masa wahalarsa. Can ya ce:

"Mai walda bai ce a duba komai ba. Ni ne na ga ba zan iya wucewa ba."

Ashe shi ma wata guda yana cizon yatsa. Ya ɗauka da gaske tsayawar tana gajiyar da ni, ya ce to bari ya haƙura da bencinsa in dai zan huta. Yaya, na yi dariya har da hawaye, mai shayi tana tambaya ko lafiya. Ban taɓa jin son mutumin nan kamar ranar ba, da baƙin mai a hannun rigarsa. Mun fi awa a zaune, har Inna ta bugo tana tambaya ko sabon tankin ne ya lalace.

A hanyar dawowa ni na tuna masa da notunan. Ya ce ƙwarai kuwa, sakaci da irin wannan ba kyau. Mai walda dai ya yi aikinsa tsakani da Allah, amma ni da Baban yara mun yanke shawara ba za mu taɓa yarda da ɗaurinsa ba.

Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yara.

Taki mai farin ciki,
Auta