Na Jefar da Murfin Tankin Kifinsa, Ya Daina Yi Mini Magana

Anti Hassana, assalamu alaikum. Don girman Allah ki ba ni shawara kafin in ɗauki taɓarya in aikata abin da zai kai ni gidanmu, domin raina ya kai maƙura.

Mijina dillali ne a Kasuwar Shanu, yana bin tirela zuwa Legas. A can ya ga tankin gilashi na kifi a gidan wani babban mahauci, shi ke nan abin ya shiga ransa. Bayan ambaliyar da ta cinye mana unguwarmu ta Gwange, ban gama kankare laka a bango ba, katifuna suna kan katanga ana shanya, sai ga bawan Allah da tanki a bayan mota. Kuma ba tarwada ba ce ko karfasa da za a ce wata rana a yi farfesu. Kifin teku ne, 'yan ƙanana masu launin lemo da shuɗi, ba sa rayuwa sai an dama musu wani gishiri na musamman a ruwa. A Maiduguri fa, Anti! In batirin sola ya yi ƙasa, fankarmu ake kashewa don famfon kifi ya samu wuta.

Duk wannan na haɗiye. Sai ya je unguwar Gamboru wurin wani kafinta, Thomas, ya sa aka yi wa tankin murfin katako mai nauyi, da fitila a ciki, a rufe ruf ko kafar allura babu. Ba a daɗe ba falona ya fara wari. Na san warin nan, shi ne na ɗakunanmu bayan ruwa ya janye. Na ɗaga murfin, wallahi cikinsa baƙi ƙirin da fumfuna, ruwa na ɗiga, gishiri ya daskare a jikin wayar fitilar. Na nuna masa, ya goge da tsumma, ba a yi mako ba ta dawo.

Ni 'yar gidan turare ce. Kakata da hannunta take haɗa turaren wuta da humra, ba a taɓa shiga ɗakinmu an toshe hanci ba. Amma ya hana ni sa kasko a falo, wai hayaƙi zai dami kifi. Matar yayana ta zo, ta zauna, ta tambaye ni a hankali ko har yanzu ba mu canja kujerun da suka sha ruwa ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mahaifiyarsa, Hajja Kellu. Tana da asma. Tun ambaliyar ba ta son fita ko ƙofar gida, kullum tana kan darduma a gaban tankin da carbinta tana kallon kifin, har sunaye ta raɗa musu da Kanuri. Tari ya sa ta gaba, ƙirjinta na fito kamar usur. Na gaya masa murfin ne, ya ce sanyin damina ne. Uwarsa fa, ba tawa ba! Ni ke tashi in dafa mata ruwan zafi, ni ke kai ta asibiti, shi yana can yana auna gishiri.

Ranar da ya tafi Legas na kinkimi murfin na wurga shi bola. Da safe na tarar da ɗaya daga cikin kifin, mai shuɗin, a kan tayil ya bushe. Wa ya san kifi na tsalle kamar fara? Ruwan kuma kullum raguwa yake, na dama gishiri na ƙara, sauran suka fara kwanciya a ƙasa. Ya dawo, ya duba, bai ce mini uffan ba har yau. Abincina ma a tsaye yake ci. Hajja da nake yi dominta ita ma ta juya mini baya, wai na kashe mata abokin hira. Tarinta kuwa ya ragu, amma ba wanda ya buɗe baki ya ce sannu.

Yanzu na ji ya koma wurin kafintan za a yi sabo irin na da. Wallahi in ya shigo da shi, ko ni ko tankin. Ki gaya mini gaskiya, laifina ne?

Maman Muhsinat, Gwange

Wa alaikumus salam, Maman Muhsinat. Ajiye taɓaryar tukuna.

A kan fumfuna kina da gaskiya, ba tantama. Ruwa mai ɗumi, fitila a sama, katako tsirara, ba hanyar iska: ai gona aka yi mata. Mai asma bai kamata ya wuni yana shaƙar ta ba, kuma wayar wuta da ruwan gishiri ba sa shiri. Ki gaya wa likitan Hajja abin da kika gani a murfin, kada raguwar tarin ta sa ku daina zuwa.

Amma kin yi gyara da fushi, kin bar tanki a buɗe, kin jira sai da ya bar gari. Kifin teku masu tsalle ne, dole a rufe su. Gishirin da kika ƙara kuma shi ya kwantar da sauran. In ruwa ya ƙafe, gishirin yana nan bai tafi ba, don haka ruwa tatacce marar gishiri ake ƙarawa, kaɗan-kaɗan. Wannan ki gaya masa yau ɗin nan ko yana fushi, ya auna ruwan ya gyara a hankali kafin a yi wata asarar.

Murfin da ya dace da zafin garinku shi ne raga ta roba mai ƙananan idanu, a ɗaure ta a firam irin na tagar sauro. Kifi ba zai fita ba, tururi ba zai taru ba, ruwan ma zai fi sanyi a watan Afrilu. Ban da ragar ƙarfe, tsatsa za ta yi ta zuba ciki. Murfin gilashi yana rage ƙafewar ruwa amma yana riƙe zafi, sai a bar tazara ta baya a riƙa goge shi. In ya nace sai katako don kwalliya, a bar bayansa a buɗe, a huda sama, a shafe ciki da fentin da ruwa ba ya ratsawa, a bari ya bushe sarai a waje, a sa 'yar fanka irin ta kwamfuta. Duk mako a sauke shi a goge da ruwan khal, wato ruwan tsamin nan na binega, a shanya a rana. Kada bilic na wanki ko maganin sauro su kusanci tankin. Fitilar ta zama wadda aka rufe ta daga ruwa. Ki riƙa buɗe tagogin falo. Turarenki kuma ki yi abinki a ɗakinki, ƙirjin Hajja ma ba ya son hayaƙin.

Sai zancen zuciya. Ke warin nan ambaliya yake tuna miki. Shi kuma ina zaton ya ga tsohuwarsa ta samu abin da take kallo ta yi murmushi, shi ya sa ya toshe kunne. Wannan ba hujja ba ce ta ƙaurace miki, kuma ya kamata ya gode miki da idon da kika sa a kan lafiyarta. Ki ba Hajja haƙuri a kan kifinta, ba ya rage miki komai. Shi kuma ki same shi lokacin da ya huce, ki ce kin yarda a rufe tankin, fumfunar ce ba ki yarda da ita ba, ku je wurin kafintan tare. In ya ƙi saurare, ki sa yayansa ko wani da yake jin nauyi ya yi masa magana, kuma a mayar da tankin inda Hajja ba za ta shaƙi komai ba.

Allah ya ba Hajja lafiya, ya huci zukatanku, ya bar ku tare.

Anti Hassana