Kwanon Ban Haƙurin Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ɗiya ke yi wa uwa, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike. Sai dai akwai maganar da kunya ta hana ni faɗa miki kina raye, yanzu kuwa furfura ta ba ni izini.

Inna, duk unguwarmu ta Lamorde an san kina da baki, ke ma ba ki taɓa musu ba. In ranki ya ɓaci, magana takan riga tunaninki fita, kuma ba ta kuskuren wurin da zai yi ciwo. Kin sha cewa, "Haka Allah ya yi ni da wuta a ƙirji. Na kasa kashe ta, amma ba zan bar ta ta ci ɗakin mutane ina kallo ba."

Dokar da kika kafa wa kanki ban taɓa ganin irinta ba. Duk ranar da kika yanki wani da baki, washegari da azumi za ki tashi. Abincin ranarki kuma ki zuba a kwano mai murfi, ki ja mayafi, ki kai wa wanda kika ɓata wa da ƙafarki, ba aike. In Baba ya ga kin ture kokon safe, sai ya tambaya wa aka yanka jiya. Ki harare shi, ki danne amsar da ƙyar, don kada azumin ya zama biyu.

Mai nama ya ci wannan kwano, mai tallan itace ya ci, har surukarki ta ci. Yawanci da dariya ake rabuwa.

Sai na Dada Asta.

Kin san abin da take a wurinmu. Zana ɗaya ta raba gidanmu da nata. 'Yar garin Sahuda ce, Hausa ba yarenta ba ne, ita ta tarbe ku da kuka zo daga Katsina ba ku san kowa ba. Tare kuke ƙuliƙuli, ke kina suyar gyaɗa, ita tana matse mai. Allah bai ba ta haihuwa ba, ni kuma 'yar fari ce, kunya ba ta barinki ki ɗauke ni a gaban mutane. Don haka a bayanta na girma. Ita ta huda mini kunne, ita ke mini kitso, a ɗakinta nake kwana in zazzaɓi ya kama ni.

Shekarar da aka ce mata ma su fito su jefa ƙuri'a, ko mu bi Najeriya ko mu bi Kamaru, gari ya rabu. Dangin Dada da yawa suna ƙetaren iyaka, tana tsoron a raba ta da su. Ke kuma ranki yana wajen naki dangin. Wurin wanki a bakin mayo, wato kogi, gardama ta tashi. Ta ce ku baƙi ne, ko kabari ɗaya ba ku da shi a ƙasar nan. Kika ce mata, a gaban matan unguwa, mai 'ya'ya ce ke da ta cewa kan ƙasar da za a bar wa na baya.

Ina tsaye a wurin, Inna. Na ga ta tattara wankinta a jiƙe ta ɗora a kai. Na kuma ga fuskarki, kin san abin da kika yi tun kafin ki rufe baki.

Washegari kika kai kwano, ya dawo ba a buɗe ba. Kika sake kaiwa, ya sake dawowa. Da na shiga wurinta da tsefaffen kai, ta ce in koma wurin wadda ta haife ni. Ranar na yi kukan da ban taɓa yi ba, kuma ke na ji wa haushi, ba ita ba.

Aka yi zaɓe aka gama, masu gardamar kasuwa suka koma cin goro tare, amma zanarmu ta zama katanga. Kowacce tana ƙuliƙulinta ita kaɗai, naki yana fita da mai a jiki don hannunki bai kai nata ƙarfi ba. Mata suka ce ki haƙura haka nan, ai Allah ma ana yi masa laifi ya yafe, ita ma ta faɗi tata. Kika ce tata tsakaninta da Ubangijinta ne. "Ni na ji mata ciwon, ba ni zan sa masa ranar warkewa ba."

Wannan shi ne abin da nake jinjina miki a kai. Ba ki zama waliyiya ba, kin ci gaba da yi wa mai nama tas in ya cika miki ƙashi. Ba ki kuma ce tunda hali zanen dutse ne a ƙyale ki da naki ba. Bayan kowace la'asar ina jin ki a kan tabarma kina roƙon Allah ya riƙe miki harshe. Tun daga ranar mayo ban sake jin kin yi wa mutum gori da abin da Allah ya hana shi ba. Kwanon kuwa, kowace Sallah, ƙarama da babba, sai ya je ya dawo, shekara da shekaru.

Ana cikin yaƙin basasa aka sa ranar aurena. Gwaggo ta taso tun daga Katsina da shirin ita za ta sa ni a lalle. Kika ce mata amarya tana da uwa. Kika fita ba kwano, kika tsaya a ƙofar Dada, kika ce yau ba yafiya kika zo nema ba, 'yarta ce za ta tafi gidan miji, kuma babu hannun da zai taɓa ta sai nata. Ba ta fito ba, kika dawo.

Aka kwaɓa lalle aka ajiye. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce, Gwaggo tana cika tana batsewa, mata suna cewa za a ji kunya. Kika zauna kusa da ƙwaryar kina jan carbi, ba ki tanka wa kowa ba. Na san abin da wannan shirun ya ci miki.

Gab da la'asar ta shigo. Ta tsufa fiye da yadda nake hango ta ta zana. Ta dube ki, da irin Hausarta ta ce, "Bakin nan naka yana nan har yanzu?" Kika ce, "Yana nan, Asta. Ina ta fama." Ta ce to ki ci gaba da fama, ki matsa ki ba ta wuri. Ta zauna, ta ja ƙafata ta ɗora a cinyarta, ta fara faɗa wai wane ne ya bar mata yarinya da kaushi haka.

Inna, ina sonki, ban taɓa faɗa miki ba. Allah ya karɓi faman da kika yi, ya yafe abin da ya fi ƙarfinki, ya haskaka kabarinki da na Dada, ya sa ku yi maƙwabtaka a Aljanna. Amin.

Taki har kullum,
Rakiya