Kwana Bakwai da Jirginka Ya Yi a Ƙarƙashin Ruwa

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Seidu mai jirgi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga ubanta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Na rubuto ne in sanar da kai cewa jirginka ya koma kogi, kuma ni na mayar da shi.

Ka san inda ka bar shi. Da ƙafarka ta hana ka aiki, ka sa aka ɗauko shi a lori daga bakin kogi a Yapei, aka kife shi a tsakar gidanmu na Nyohini. Shekara goma sha ɗaya yana nan, awaki na kwana a ƙarƙashinsa, rana ta busar da katakon har yatsana yana shiga tsakanin allo da allo.

Bara babban ɗanka, Yaya Isiyaku, ya ce zai gina shaguna a wurin. Ya kira mai gatari, wai a faskara jirgin a ba mai tuwon zafi ta ƙofar gida. Na dawo daga makarantar da nake shugabanta da littattafan yara a hannu, na hau kan jirgin na zauna. Abin da na faɗa masa ranar ba zan maimaita maka ba. Ƙarshe dai ya ce ya ba ni zuwa bayan Babbar Sallah: in jirgin bai tsaya kan ruwa ba, itacen girki ne.

Baba, kai ma ina da fushi da kai. 'Ya'yanka maza ka koya wa riƙe matuƙi. Ni ƙwarya ka ba ni, ka ce in zauna a tsakiya in riƙa kwashe ruwa. Shekaru na yi kaina a sunkuye ina kallon cikin jirgin nan, su suna kallon gaɓa suna ɗaga wa 'yan mata hannu. Shi ya sa na san kowane haɗi da yake yoyo, su kuwa ko sunan katakon ba su riƙe ba.

Wata biyar na yi. Na canza allo uku da katakon maɗaci, na cire ƙusoshin da tsatsa ta cinye, na cusa auduga da kwalta a manyan tsagogi. Ƙananan na bar su a buɗe. Zanen da iska ke turawa na ɗinka shi da buhunan fulawa, kamar naka.

Da muka mayar da shi Yapei muka sa shi a ruwa, bai yi rabin awa ba ya nutse. Yaya ya ɗauki hoton a waya ya tura wa dangi har Kumasi, ya rubuta a ƙasa: "Hedimistires ta gama karatu." An yi dariya sosai. Ni kuwa na shiga ruwa zuwa ƙirji, na ƙara masa duwatsu don ya zauna da kyau, saboda na tuna abin da kake faɗa duk farkon damina: "Habiba, ki bar shi ya sha tukuna, kada ki dame shi."

Kwana bakwai na bar shi. Katakon ya kumbura, tsagogin suka rufe da kansu. Muka ɗago shi, na kwashe ruwan da ƙwarya, na zauna ina jira ya sake shigowa. Bai shigo ba.

Masunta har yanzu suna yin tserensu bayan Sallah, daga gada zuwa tsohuwar mashaya ta bakin kogi. Jirage shida ne masu zane. Na zauna a baya na riƙe matuƙinka. A lanƙwasa kowa ya bi tsakiya, ni na matsa gefen yashi inda kake bi, inda iska ke saukowa daga fili. Zanen ya cika, jirgin ya yi ƙarar nan da ka sani, muka wuce su ɗaya bayan ɗaya. Mu muka fara isa.

Yanzu Yaya yana yawo yana cewa "jirgin babanmu ya ci." Na ƙyale shi. Shagunansa ma ya gina. Jirgin dai ba zai sake komawa tsakar gida ba.

Da na sauka, wani tsoho ya tambaye ni ko ni ce yarinyar nan mai ƙwarya. Na ce ni ce. Sai na juya ina neman ka a bakin gaɓa, kamar zan gan ka tsaye da hularka a hannu. Nan ne kawai na yi kuka.

Allah Ya gafarta maka, Ya sanyaya kabarinka, Ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Na yafe maka ƙwaryar, Baba. Tana rataye a cikin jirgin, a bushe.

'Yarka mai riƙe matuƙi,
Habiba