Ɗan Farin Inna

Asabar, 23 ga Nuwamba, 1996

Inna ta iso Madina da ayarin umra na Daura. Kwana takwas za su yi, su cika sallolinsu a Harami su wuce Makka. Na roƙi kafilina, wato ubangidana da nake zaman ƙasar da sunansa, ya ɗaga mini ƙafa a shagon ɗinki na unguwar Sultana, ya ce safiya tawa ce, amma la'asar ta same ni a kan keke. To, an gode.

Na kai mata burodin tamis da dafaffen waken ful a masauki, ko taɓawa ba ta yi ba. Ta ja ni gefe ta ce, "Zakiru, gobe za ka raka ni cikin gari. Akwai wani yaro." Wane yaro kuma? Sai ta hau gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Da ƙyar maganar ta fito. Ashe kafin Baba ta taɓa yin aure, da wancan mijin suka zo nan ta Sudan, a nan ta haihu. Mijin ya rasu, ƙaninsa ya riƙe yaron yana ɗan shekara uku, ita kuma aka haɗa ta da masu komawa gida. Shekara arba'in ke nan.

Shi ya sa take kiran sunana gatsal tun ina yaro, har maƙwabta suna mata tsiya wai ba ta da kunyar ɗan fari. Ashe ba ni ba ne. Abin ya tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na ce sunansa fa? Ta ce, "Sunan mai shagon ƙofar gidanmu." Sa'idu ke nan. Bakinta ba zai furta ba ko a garin Manzo.

Ita ta shige gaba tiƙis-tiƙis, wai ta san hanya. Daga ƙofar Harami ta Bab Majidi a bi lungun mai gasa burodi, a karya hagu, sai hoshinsu, wato zagayen gidaje mai ƙofa ɗaya, da rijiya da itacen kurna a tsakiya. Muka zagaya bayan Harami. Ina lungu? Farin marmara ne shimfiɗe iya ganinka, sai fitilu da tattabaru. Faɗaɗa masallaci ya cinye unguwar gaba ɗaya, tun kafin in zo ƙasar ma.

Ta tsaya a tsakiyar filin tana nuni da yatsa. "Nan ne mai burodin." Wani askari mai tsaron masallaci ya ce Hajiya a matsa, an tare hanya. Muka matsa.

Na san haka za a yi, na kasa faɗa mata tun a masauki.

Talata, 26 ga Nuwamba

Jiya da yau mun bi ɗan abin da ya rage, daga bayan masallacin Gamama har wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ambariyya. Shekara shida ina garin nan ban taɓa sa ƙafa a waɗannan lungunan ba, daga keke sai katifa. Wani lungun ma mutum biyu ba sa jerawa. Gidajen na baƙin dutse ne, a sama ga tagogin katako masu huji-huji sun turo kai har suna neman haɗuwa, rana ba ta sauka ƙasa. Sanyi kamar cikin randa. Kusan kowace ƙofa an yi mata lamba da jan fenti, alamar ita ma tana kan layin rushewa. Wani gidan an yanke rabinsa, ana hango ɗaki mai koren bango da ƙusar rataye kaya, kyanwa kwance a kan matakala.

Inna shafa bango take tana tafiya. Duk ƙofar da muka samu da mutum sai na yi sallama: Sa'id, Batakare, babansa ya rasu tuntuni, ƙanin baban ya riƙe shi. Wani tsohon Balarabe mai sayar da na'ana'a ya yi dariya ya ce Sa'id nawa kake so? An biya mutane diyya sun watse, wasu Jurf, wasu Khalidiyya, wasu Baƙi'a, ya nuna wajen maƙabarta.

Ban fassara mata na ƙarshen ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Babu. Ƙafafunta sun kumbura, silifas ya ƙi shiga. Na makara, kafili ya wanke ni tas a gaban abokan aiki.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Allah mai iko! A bakin wani lungu muka ji warin daddawa, Inna ta bi shi da hanci. Wata tsohuwa ce zaune da ƙullin kuka da kuɓewa a tire. Suka tsaya kallon-kallo, sai tsohuwar ta dafe ƙirji. "Tasallah! Ke ce ko fatalwarki?" Hajo sunanta, hoshinsu ɗaya a da. Kuka, dariya, "ke kin tsufa," "ke kuma fa, ina haƙoranki?" Ni dai ina tsaye riƙe da jaka.

Hajo ta ce yaron yana raye. Ɗan ƙasa ne, yana Khalidiyya, yana da shagon kayan lantarki da 'ya'ya biyar. 'Yar Hajo ta ba ni lambar gidansa, na kira daga kabinar waya. Na yi masa Hausa, ya mayar mini da Larabci. Ya ce mu zo gobe bayan Juma'a.

Na faɗa wa Inna. Ta dai sa na goge mata mayafinta mai ruwan toka.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Kai! Da ma ba mu je ba.

Mutumin ya yanka rago, ya turare gida, ya jera 'ya'yansa a falo. Dogo ne, furfura ta fara masa, rigarsa ɗinkin kirki, na duba. Muna shiga ya taho da hannu biyu zai sumbaci kanta yadda suke yi a nan, yana "Ummi, Ummi." Sai Inna ta ja mayafi ta juya fuska ga bango. Ta raɓa ta gefensa ta je ta kama hannun babbar 'yarsa, Sundus, tana tambayarta karatu, tana mata wasan jika wai ta zo ƙwace mata miji. Shi kuwa yana tsaye da hannuwa a buɗe.

Ta ce da ni, "Ka ce masa mun same su lafiya?" Yana jin Hausa sarai. Na ga fuskarsa ta sauya.

Ya ja ni waje. Na ce kunyar ɗan fari ce, haka ake yi a gida, ba a kallonsa, ba a kiran sunansa, ba ƙi ba ne. Na ce kwana biyar tana yawo a kango da kumburarriyar ƙafa saboda kai. Ya ce ya sani, ya ga tsofaffin Takari suna yi. "Amma su sun raini nasu. Ni shekara arba'in ba ta gan ni ba, yau ma bayanta ta kawo mini?"

Me zan ce? Larabcina na awon wuya da hannun riga ne. Ba wanda ya ci naman kirki.

A mota na yi mata faɗa, abin da ban taɓa yi ba. Haba Inna, sau ɗaya dai! Ta ce, "Idona ba zai iya ba, Zakiru."

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ta ce sai ta je sallama da Hajo. Muna isa bakin lungun sai ga motar Sa'idu. Sundus ce ta tura shi, na tabbata. Bai gaishe ta ba, ba ta ɗago ba.

Haka muka shiga: ita a gaba, ni a tsakiya, shi a baya. Can ana jin katafila tana cin wani gida. Inna ta ɗaga murya, wai da ni take. "Ba nan ba ne, amma irinsa ne sak. Ka ga ƙarfen nan? A irinsa ake rataye tulu." Ta tsaya a wani dokin ƙofa na dutse. "A irin wannan wani yaro ya faɗi ya fasa haɓa. Kwana na yi ina jijjiga shi." Na waiga, ya sa yatsa cikin gemunsa.

Ya ce mini da Larabci, tambaye ta me ya sa ta tafi ta bar ni. Na tambaya. Ta daɗe tana kallon bango.

"Na goya shi har tashar mota. A bayana aka kwance shi."

Na juya zan fassara, ya ɗaga mini hannu. Ni a tsakiya kamar turken awaki, ban iya jawo wannan ba, ban iya jawo wancan ba. Da aka kira azahar ya juya ya tafi.

Lahadi, 1 ga Disamba

Sun tafi.

Ya zo, amma a tsallaken titi ya tsaya jikin motarsa. Ya miƙo kwalin dabinon ajwa na kai mata. Ta riga ta zauna a bas, gefen taga. Ta yafito ni, na kai kunne.

"Da wa yake kama?"

Sai da na dafa jikin bas ɗin. Duk kwana biyun nan ashe ko satar kallo ba ta yi ba. Na ce Inna ga shi can tsaye, ɗaga ido kawai za ki yi, don Allah. Ta ƙura wa kwalin da ke cinyarta ido. "Kai dai faɗa mini."

Na ce da ke. Har goshin, har tafiyar.

Ta gyaɗa kai. Direba ya ja.

Yaya ya ce in shigo ya sauke ni a Sultana. Mun yi nisa kafin ya tambaya me ta ce a taga, da Hausa ya tambaya, wata karyayyiyar Hausa ta yara. Na faɗa masa. Ya gangara gefen titi ya kashe mota, muka daɗe a wurin.

Na sake makara a shago.