Mawaƙin Teburinmu Ya Koma Maharbi

Khala, gwaggonmu, don Allah ki agaza mini, kaina ya kulle. Na san wasu masu karanta filinki za su ce wannan matar ba ta da matsala, tunda wasa ne ya dame ta. Su faɗa. Ni dai na rasa inda zan kai kukana, don duk waɗanda na saba kai wa suna cikin maganar.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu huɗu muke zama a falonmu a unguwar Mohammadpur da ke nan Dhaka mu yi wasan labari har a kira Magariba. Tun muna jami'a muka fara. Kowa da jarumin da ya ƙirƙira, ni kuma ni ce mai jan labarin, ni ke kawo dodanni da sarakuna da 'yan fashi. In jarumi ya ce zai kai sara ko zai tsallake rami, sai ya jefa ƙwayar lido a ga ko ya dace. Mijina, bari in kira shi Rezwan, jaruminsa mawaƙi ne mai suna Kokil Miya. Mawaƙi a wasan ba ɗan faɗa ba ne sosai. Amfaninsa shi ne yana da wata 'yar ƙwaya ta daban da yake miƙa wa abokin tafiya idan abu ya yi tsanani, wancan ya jefa ya ƙara a kan tasa. Sau da yawa ita ke ceton ran mutum.

To ni ce da iyayina na kafa doka tun farko: ba waƙa, ba ƙwaya. Wato in Rezwan zai ba wani ƙwayar, sai ya rera baiti da bakinsa a nan teburin. Ba ta cikin littafin wasan, tamu ce ta gida. Shi kuwa kamar jira yake. Nan take yake ƙaga baitin, ya yi wa tumbin abokinsa Shafqat kirari, ya tsokani ƙawata Mahjabeen da shayinta mai kama da ruwan wanke kofi, mu yi ta dariya har maƙwabciyarmu ta sama ta leƙo ta ce wane biki ake ba a gayyace ta ba.

Bara aka yi masa aiki a maƙogwaro. Alhamdulillahi an cire abin, likitoci sun ce ya tsira. Amma muryar ta tafi. Abin da ya rage raɗa ce mai kaushi, sai ka matso sannan ka ji, kuma da ya ɗan yi magana ya gaji.

Ranar da muka fara komawa wasa, kowa na ta kaffa-kaffa, har labari ya yi zafi aka manta. Wani dodo ya danne jarumar Mahjabeen, saura ƙiris ta mutu. Shafqat, bisa sabo, ya daki tebur ya ce, "Rezwan bhai, ɗan'uwa, waƙa! Maza kafin a cinye ta!" Khala, Rezwan ya buɗe baki. Wallahi ya buɗe, shi ma ya manta. Iska ce kawai ta fito. Ya ɗan juya ƙwayar a tafin hannunsa, sannan ya sa ta a aljihu. Ni na miƙe na ce bari in dubo samosa, alhali samosar na gabanmu a faranti.

Cikin makon ya nemi in bar shi ya sake gina Kokil daga tushe, na ce to, me zan ce? Ashe akwai wani reshe na mawaƙa a littafin da ya yarda mutum ya kashe ƙwayar nan a kan bugunsa maimakon ya ba wani. Shi ya koma. Ya ajiye wa Kokil molonsa ya ba shi kwari da baka. Ya aro sihirin maharba mai sa mutum ya saki kibau da yawa a zagaye ɗaya, ya haɗa da wata dabara da ake rage saiti don a ƙara ɓarna, sannan ya toshe ramin saitin da wani sihirin daban. Na bi littafin layi-layi ko zan kama shi da maguɗi, ban samu ko ɗaya ba. Mijina akwai kai, dama can surutu ne ya rufe shi.

Yanzu faɗa ba ya kai zagaye biyu. Akwai wani sarkin aljanu da na daɗe ina shiryawa, har jawabinsa na haddace ina wanke-wanke. Bai gama gabatar da kansa ba Kokil ya mayar da shi bushiya. Shafqat ko gatarinsa bai ɗaga ba. Na ce bari in ƙara wa dodannin jini da ƙarfi, sai abin ya ƙara lalacewa: Kokil na can nesa bayan dutse ba abin da ya taɓa shi, dodannin suka tattake na gaba, kuma lokacin da Mahjabeen ta juyo tana kallonsa, ƙwayar ta riga ta tafi a kibiya. Shi kuwa ba ya ko murmushi in ya kashe. Sai dai ya nuna mini lambar da yatsu ya jingina da kujera.

Shekaranjiya Shafqat ya kira ni. Ya ce, "Bhabi, matar ɗan'uwa, ni fa daga Uttara, can ƙarshen gari, nake tasowa. In sha wannan cunkoson motocin, in zo in zauna ina kallon Rezwan bhai yana lissafi? Ai gara in kwanta a gida in kalli wasan kurket a talabijin, can ko ba komai ana ihu." Mahjabeen ta fi shi tausasawa amma tata ta fi zafi. Ta ce, "Apa, yayata, ki kashe Kokil kawai. Ki jefo masa dutse daga sama, ya yi sabon jarumi, kowa ya huta." Dukansu sun ce in Juma'ar nan ta zama kamar sauran, za su ɗan huta da zuwa. Na san irin wannan hutun, ba a dawowa daga shi.

Kada ki ce in soke dokar, na gwada. Na same shi shi kaɗai na ce ai ba sai ya yi waƙa ba, ya miƙa ƙwayar kawai. Ya kalle ni ya yi raɗa, "Sadaka?" Ranar bai ci abincin dare ba.

Ga shi Juma'ar nan jarumai za su hau mataki na gaba, kowa ya ƙara wa nasa ƙarfi, kuma jiya Rezwan ya nuna mini abin da yake so ya ƙara wa Kokil, wani haɗi da zai kusan ninka ɓarnar. Idonsa har ƙyalli yake, rabon da in ga haka tun kafin asibiti. Amma sai da yardata zai yiwu. In na yarda, abokanmu sun tafi. In na hana, na ƙwace masa abu ɗaya da ya rage yana ji da shi. Mutumin nan ba ya ɗaga waya, ya daina zuwa shagon shayi, ko gidan mahaifiyarsa sai na ja shi. Juma'ar nan kaɗai yake zama da mutane. Ni mai jan labari ce, komai na duniyar wasan a hannuna yake, amma ban san abin da zan yi da mijina ba. Ina jin tsoro, Khala.

Mai Jan Labari, Dhaka

'Yata,

Ba wanda zai yi miki dariya a filin nan. Ni ma na ja labari a tebur kafin gwiwoyina su hana ni dogon zama, na san ba ƙwaya kawai ake jefawa a wurin ba.

Abokanku suna da gaskiya. Wanda ya keto Dhaka ranar hutunsa ya cancanci ya ɗaga gatarinsa. Mijinki ma yana da gaskiya, bai karya doka ba, kuma mutumin da aka saba juyowa a kalla a tebur ya nemo wata hanyar da za a ci gaba da juyowa. Wadda ba ta da gaskiya ita ce shawarar Mahjabeen. Kada ki kuskura ki kashe Kokil. Rezwan zai gane daga ina dutsen ya faɗo, kuma ba mai jan labari zai riƙe a zuciya ba, matarsa zai riƙe.

Ki amince masa da haɗin da ya nuna miki. Maganin maharbi ba ƙarin jini ba ne, kin gani da idonki. Ki kawo abin da kibiya ba ta warwarewa: gada tana karyewa da mutane a kai, ƙofa mai nauyi da sai mai gatari, ƙananan maƙiya ta ko'ina maimakon ƙato ɗaya. Ya kashe nasa, su ma su samu nasu.

Sai dokar. Ya ƙi tayinki ne don kin cire shi shi kaɗai, kuma kowa a teburin zai san dalili duk lokacin da ya miƙa ƙwayar shiru. Kada ki soke ta, ki juya ta. Ba waƙa, ba ƙwaya, tana nan daram, amma daga yanzu mai neman ƙwayar shi zai rera, Kokil kuma shi ne alƙali: in baitin ya yi masa ya bayar, in bai yi ba ya girgiza kai a sake. Shekara da shekaru yana yi musu waƙa suna cin samosa, lokacin biya ya yi. Ki kira Shafqat yau ki ce masa, tunda ihu yake so, ga dama ta samu. Ki kuma gaya musu su biyun abin da kika gaya mini, cewa ba inda Rezwan ke zuwa sai teburin nan. Ina zargin ba su sani ba, don ke ma kin iya ɓoyewa.

Amma kada ki yi masa bazata a gaban mutane. Ki kai masa shawarar tun kafin Juma'a, a matsayin mai jan labari da teburinta ke neman watsewa kuma take neman taimakon ɗan wasanta mafi kai. Ba ƙarya kika yi ba, haka abin yake. Zai iya ƙi, ban yi miki alkawari ba. In ya ƙi, ki roƙi abokanku su ƙara haƙuri na ɗan lokaci, kuma ki tambayi likitansa game da masu koyar da magana bayan irin wannan aikin, da masu sauraron damuwa, don wannan nauyin ya fi ƙarfin wasan Juma'a.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi sauran. A duk wasiƙarki ban ga inda wani ya ce wa Rezwan an yi rashi ba. Kowa na ta murnar ya tsira, kowa na kauda kai. Shi kaɗai yake zaman makokin muryar nan, a gida cike da mutanen da suka so ta. Ki zauna kusa da shi, inda za ki ji raɗarsa, ki ce masa ke ma kina kewarta. In kuka ya zo miki kada ki tashi, ki yi shi a gabansa.

Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya sanyaya zuciyarki, Ya bar ku tare da abokanku.

Khala