Ɗorawar Gwaggo Ta Tsira, Amma Makullin Yana Hannun Yayana

Assalamu alaikum, Malama Aina'u. Don Allah ki taimake ni da shawara. Na yi nasara a wata magana amma hankalina ya ƙi kwanciya, kuma duk wanda na gaya wa a gida, kafin la'asar maganar ta isa kunnen yayana.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye a ƙasar Kunci. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya rasu shekara biyu da suka wuce. A bazararsa ta ƙarshe ya ce in ɗauko wayata in bi shi gona. Muka zagaya, yana dogara sanda ina ɗaukar bidiyo, yana nuna mini gambar da ta raba mu da gonar Malam Basiru, da tsohuwar rijiya, har da mangwaron da Yaya Uwaisu ya dasa, ya tsaya yana ta yabon yadda Yaya yake riƙe gona. Da muka iso gabas ya bubbugi bishiyoyin ɗorawa huɗu da sandarsa, ya ce waɗannan ba nasa ba ne, na ƙanwarsa Hure ne, mahaifiyarsu ta bar mata, ƙasar ce kawai tasa. Kin san a wajenmu haka ake yi: gona ta wani, bishiyar ciki ta wani. Da kalwar bishiyoyin nan Gwaggo Hure take yin daddawar da take ci take sha tun rasuwar mijinta.

Ranar rabon gado ba wanda ya ta da maganar, kowa ya ɗauka sananniya ce. Gefen gabas ya faɗo wa Yaya Uwaisu. Shi yana kai wake Dawanau, kuma mutum ne mai son waya, duk wadda ta fito sai ya riƙe ta. Bara gilashin tawa ya fashe, ya karɓa zai kai gyara birni, sai ga shi da sabuwa fil, wai gyaran ya kusa kuɗin musanya, don haka ya ba su tsohuwar ya yi ciko. Na yi ta godiya, har na yi ta nuna wa abokan aikina. Sai da na je neman bidiyon Baba na tarar babu komai. Malama, na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

Wata ɗaya bayan haka Yaya ya kawo masu itace su duba ɗorawar, wai inuwarta tana kashe masa gero. Gwaggo ta zo gidana ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Waɗanda suka san asalin maganar duk sun rasu, sai ni, kuma ni mace ce, ƙanwa, ba takarda. Ba zan ɓoye miki ba, a raina na ce da gangan ya rabu da wayar.

Wata abokiyar aikina, Malama Sakinatu, ita ta tambaye ni ko tsohuwar wayar tana da imel. Na ce tana da shi, Yaya ne ma ya buɗe mini tun ranar da na saye ta, ban taɓa amfani da shi ba. Ta ce wata wayar tana tura hotuna ma'ajiyar intanet da kanta idan an kunna mata. Muka sa imel ɗin a sabuwar, sai aka ce an aika lambar shiga zuwa layin da aka buɗe shi da shi, wato layin Yaya. Na kira shi na ce hotunan sunan ɗana nake nema. Ya karanto mini lambar. Muna zaune a ofishin hedimasta hotuna suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, sai ga Baba da sandarsa, minti goma sha bakwai cif. Sakinatu ta rungume ni har ta ture mini gilashin ido.

Da maganar ta kai fada, a gaban dagaci da Yaya na kunna minti biyun da ake maganar ɗorawa. Da aka ji tarin Baba da ƙarar sandarsa a jikin bishiya, dattawa suka yi ta Allah ya ji ƙan Malam. Dagaci bai ko ja magana ba, ya ce ɗorawa ta Hure ce. Gwaggo tun daga ƙofar fada take guɗa har gida, washegari ta aiko mini da daddawa cike da kwano. Yanzu matan ƙauyenmu har tare ni suke yi a hanya in nuna musu yadda ake dawo da hotunan waya.

Ga damuwata. Sati uku ke nan Yaya ba ya amsa gaisuwata sai da ka, kuma makullin ma'ajiyar nan yana layinsa. Duk ranar da ya ga dama zai iya shiga ya goge. In na ce ya cire layinsa, kamar na ce masa ɓarawo ne. Maigidana ya ce in sayi waya mai babban memori in zuba komai a ciki in huta, wai har an yi rangwame. In saya? In yi wa Yaya magana, ko in yi shiru?

'Yar Mai Ɗorawa, daga ƙasar Kunci

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Da farko ina taya ki murna. Kin tsaya wa gwaggonki, kin isar da maganar mahaifinki inda ya so ta isa. Kada fargaba ta rage miki daɗin wannan.

Kada ki sayi waya saboda wannan matsala. Kamfanonin waya gasa suke yi, kowane 'yan watanni sai an fito da sabuwa mai memori mafi girma, ana rangwame don a karɓi ta hannunki. Wannan gasar ce ta raba ki da tsohuwar wayarki tun farko. Komai girman cikinta, waya ɗaya wuri ɗaya ce, kuma tana faɗawa rijiya kamar kowace. Manyan ma'aikatu da bankuna, waɗanda rayuwarsu ta rataya a kan bayanai, ba sa yarda da wuri ɗaya. Ƙa'idar da masana harkar suka daɗe suna koyarwa ita ce kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya kuma a ajiye shi nesa. Za ki iya yin haka da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabuwar waya ba.

Yau ɗin nan, kafin ki yi magana da kowa, ki sauke bidiyon a kan wayarki. Ki sa shi a katin memori ko filash guda biyu, ɗaya a adakar Gwaggo, ɗaya a wajen Malama Sakinatu. Ki buɗe sabon imel da layinki, ki rubuta lambar sirrin a takarda ki adana, ki tura bidiyon can. Sannan ku koma wajen dagaci ya rubuta hukuncinsa, shaidu su sa hannu, a buga hatimi. Takarda ba ta neman caji, kuma jikokin Gwaggo za su iya karanta ta ranar da ba a yayin waɗannan wayoyin.

Sai maganar yayanki. Ban san zuciyarsa ba, kuma kusancin musanyar wayar da zuwan masu itace abin lura ne. Amma ki sake karanta wasiƙarki. Shi ya buɗe imel ɗin, kuma mai yiwuwa shi ya kunna ajiyar. Mutumin da ya san waya haka ya san abin da zai dawo idan ya ba ki lambar nan. Duk da haka ya karanto miki. Sati uku kuma makullin yana aljihunsa bai taɓa komai ba. Ke kuwa kin gaya masa abin da ba shi ne ba, kuma a bainar jama'a ya gano. Kukansa ma ba na banza ba ne, inuwar ɗorawa tana rage gero. Ki nemi Gwaggo ta yarda a rage rassan ƙasa bayan an kaɗe 'ya'yan bana.

Da kwafi uku a hannunki ba roƙon makulli za ki je yi ba, don ba sauran abin da zai iya gogewa. Ki je gidansa da kwanon daddawar nan, ki ba shi haƙuri kan maganar hotunan suna, ki yi masa godiya da ya karanto lambar. Daga nan ki tura masa bidiyon gaba ɗaya. A fada minti biyu ya ji, waɗanda suka kayar da shi. Bai ji inda mahaifinsa ya tsaya a gindin mangwaro yana yabonsa ba. Wannan ma gadonsa ne, kuma ke kaɗai za ki iya ba shi.

Allah ya ji ƙan Malam, ya sa ɗorawar Gwaggo ta yi 'ya'ya bana fiye da bara, ya kuma daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki.

Aina'u